Sa Ido kan Gyaran Makunnan Tsayar da Injin Nukiliya

A wata tattaunawa kan yadda mai bincike zai sa ido kan gyaran waɗannan makunnai, yawancin masu magana sun kafa hujja da tashar nukiliya ta Salem a Amurka, inda a Fabrairun 1983 makunnan katse wuta, waɗanda buɗewarsu ke tsayar da injin, suka cije saboda rashin kulawa, sai da ma'aikata suka tsayar da injin da hannu. Bayan haka hukumar NRC mai kula da harkokin nukiliya a Amurka ta fitar da umarni mai lamba 83-28.

Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce kada mai bincike ya gamsu da takardar kammala gyara. Ya nemi tarihin lokacin da makunni ke ɗauka kafin ya buɗe, domin ƙaruwar jinkiri alama ce ta lalacewa. Makunnin yana da hanyoyi biyu na katsewa, don haka a gwada kowacce daban, kada ɗaya ta rufa wa ɗaya asiri. Wasu sun ja kunne cewa yawan gwaji na cinye makunnin, kuma suna da gaskiya.