Taba ta bambanta da garin gero

Maman Khalifa: Jama'a, ku raba mana gardama. Ƙanwar maigidana tana da ciki wata 6, ta ƙi barin shisha, wai ai tururin 'ya'yan itace ne. Surukata ta ce mata "taba ta bambanta da garin gero", sai rigima ta kaure har da kuka. Gatse ne ko nasiha?

Baban Ilham: Nasiha ce. Gero ke raya jiki, taba ba ta ƙosar da kowa. Kuma shisha taba ce aka jiƙa da zaƙi.

Ummu Sadik: A'a Malam, mu a gidanmu gori ake yi da ita, wato kowa ya san matsayinsa. Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta rabuwa da battar taba gari, ta haɗa da kanwa ta dasa a leɓe, ga fure da goro har haƙora su yi jajir. Haihuwa 9 ta yi. Ko tana wankan jego battar na ƙarƙashin matashi, ungozomar ma ɗiba take. Amma da ta ji an ce wata matar aure ta kunna sigari, salati za ta sa, ta ce wannan ai aikin matan bariki ne. Ita tata ba taba ba ce, maganin haƙori ne! Yara 3 ta binne, biyu bakwaini. Har ta rasu iska take zargi.

Anti Nas: Allah ya jiƙan Hajiya. Taba na rage iskar da ke kai wa ɗan tayi, shi ya sa ake haifarsa ƙarami ko kafin lokaci. A Amurka a 2016, kashi 7 cikin 100 na masu ciki sun sha sigari, amma a jihar West Virginia kashi 25 ne, a Kalifoniya bai kai 2 ba. Can talakawa ke sha, nan kuwa shisha ta 'ya'yan masu hali ce.

Ɗan Kurmi: Garin geron ma yanzu sai lokacin zaɓe. Mai girma namu ya raba mudu ɗaya, ya ɓace kamar hayaƙi.

Baban Ilham: Dokar taba ta Najeriya tun 2015 aka sa mata hannu, su da suka yi ta sun manta.

Ummu Sadik: Ku bar siyasa. Anti Nas, ta leɓe ma tana taɓa cikin?

Anti Nas: Ƙwarai, tana shiga jini.

Maman Khalifa: To ni gobe me zan ce wa surukar tawa?