Neman kalma: me za mu kira rukunin gubar sarin a Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Malamai, ina neman agaji kafin ƙarfe huɗu, lokacin za mu shiga naɗar shiri. Batun harin da Amurka da Birtaniya da Faransa suka kai Siriya da asubahin yau, 14 ga Afrilun 2018, ne, makamai masu linzami sama da 100 a kan cibiyar bincike ta Barzeh a Dimashƙa da wasu wurare biyu kusa da Homs. Hujjar da Trump ya bayar ita ce harin makamai masu guba da ake zargin gwamnatin Siriya ta kai garin Douma, kusa da Dimashƙa, ranar 7 ga Afrilu. Rubutun da ke gabana ya bambanta wannan da na Khan Shaikhun na bara, wanda ya kashe mutum sama da 80, har Trump ya sa aka harba makamai masu linzami na Tomahawk 59 kan sansanin jiragen Shayrat. Na bara sarin ne, wanda Turawa ke sawa cikin rukunin "nerve agent", na Douma kuwa kulorin aka fi zargi. Mu duka "makamai masu guba" muke cewa. In na maimaita haka sau biyu mai sauraro ba zai ji bambanci ba. Me zan kira rukunin sarin?

Malama Mai Koyar da Hausa: Wa alaikumus salam. "Gubar jijiya." Gajeriya ce, tana shiga baki.

Ɗan Zazzau: Malama, wace jijiyar? Bahaushe in ya ji jijiya, ta jini yake fara kawowa, wadda nas ke nema in za a ɗaura ƙarin ruwa. Sai a ɗauka allura ake yi wa mutane. Ni "iskar guba mai shanye jiki" zan ce.

Mai Kemis: Bari in sa baki kafin a yi nisa, don sai an san yadda abin yake aiki sannan suna zai zauna. Tsakanin jijiya da tsoka akwai saƙon da ke cewa tsoka ta motsa, akwai kuma wani sinadari a jiki da ke share saƙon da zarar ya isa. Sarin wannan mai sharewar yake ɗaurewa. Sai saƙo ya yi ta zuwa ba ƙaƙƙautawa: yawu da hawaye su ɓalle, kumfa ta fito a baki, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, jiki ya ɗau karkarwa da fizge-fizge, daga ƙarshe tsokar da ke jan numfashi ta gaza. Kulorin ba haka yake ba. Shi yana da wari, yana da launi, maƙogwaro da huhu yake ƙonawa kai tsaye. Sarin mai tsabta ba launi ba wari. Kuma mu ba baƙon abu ba ne gare mu gaba ɗaya, domin dangin fiya-fiya ne. A Jamus aka gano shi a 1938 wajen neman maganin ƙwari. Yaron da ya sha fiya-fiya aka kawo asibiti, allurar atropine ake yi masa, ita ɗin kuma ake yi wa wanda sarin ya taɓa. Don haka ina bayan a ambaci jijiya.

Baba Tsohon Ɗan Jarida: Ku yaran nan kun tsallake tushe. Guba abin da aka ci ne ko aka sha. Abin da aka shirya don yaƙi, aka harba wa abokin gaba, dafi ne. Kibiya mai dafi muka gada, ba mu gaji kibiya mai guba ba. Tun farko "makamai masu dafi" ya kamata a ce. Wannan rukunin kuwa na ba shi suna: shanyau. Kamar yadda aka sami sanƙarau daga sanƙarewa, haka shanyau daga shanyewa. Kalma ɗaya tak, ba sai an jera jimla ba.

Malama Mai Koyar da Hausa: Baba, Allah ya ƙara girma, ginin kalmar daidai yake. Matsalar kunne ce. A rediyo mutum zai ji "shanyau" ya tuna shanya, ta tufafi ko ta barkono a bakin titi. Kuma "makamai masu guba" ya riga ya zauna, tun zamanin harin guba na garin Halabja a Iraƙi a 1988 kunnen mutane ya saba da shi.

Baba Tsohon Ɗan Jarida: 'Yata, da wannan tsoron aka bi da ba mu sami "makami mai linzami" ba. Ranar farko da aka faɗe shi ai doki mutane suka tuna. Waɗanda suka ƙirƙiro shi ba su ja da baya ba, yau ga shi kowa na faɗa. Ku kuwa kun cika mana kunne da "kemikal" da "atak". Harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi a ce ya kasa haifar kalma ɗaya? Shanyau nake cewa.

Ɗan Damagaram: Baba, ranka ya daɗe, ina tare da kai a batun kishi, amma ina da ƙorafi. Kullum a Kano ko Kaduna ake yanke kalma, sannan a aiko mana kamar mu ba Hausawa ba ne. Mu nan daga Faransanci muke fassarawa, kuma kalmar Faransanci ita ma jijiya da guba ta haɗa. Macron ma yana cikin waɗanda suka kai harin nan, jawabinsa za mu juya yau. In kuka ce shanyau mu muka ce gubar jijiya, mai sauraro a Maraɗi da ke kama tashoshin ɓangarorin biyu zai zaci abu biyu ne.

Ɗan Zazzau: To ai daidaitacciyar Hausa dole ta sami mazauni, ɗan'uwa. Ba raini ba ne.

Ɗan Damagaram: Mazauni daban, mallaka daban, Malam.

Baba Tsohon Ɗan Jarida: Ni ba na Kano ba ne, kuma dafi dafi ne har Agadas.

Mai Fassara: Don Allah a dawo, lokaci na tafiya. Ga abin da ya sa bambancin ya dame ni. Bayan harin sarin na Ghouta, kusa da Dimashƙa, a Agustan 2013, Amurka da Rasha suka yi yarjejeniya, Siriya ta shiga yarjejeniyar haramta makamai masu guba, hukumar OPCW mai kula da haramcin ta sa ido aka fitar da kusan tan 1,300 daga ƙasar. Kulorin bai shiga lissafin ba, saboda da shi ake tace ruwan sha, mallakarsa ba laifi ba ne, jefa shi kan mutane ne haramun. Sarin kuwa ba shi da wani amfani sai kisa. Shi ya sa da binciken haɗin gwiwa na OPCW da Majalisar Ɗinkin Duniya ya ɗora alhakin Khan Shaikhun kan gwamnatin Assad a Oktoban bara, ma'anarsa ita ce ko ba a miƙa komai duka ba, ko an sake haɗawa. Siriya da Rasha sun musanta. In ban da kalmomi biyu, ba zan iya bayyana wa manomi wannan ba.

Mai Kemis: Kuma za ki sake buƙatar kalmar. Gubar Novichok da aka sa wa tsohon ɗan leƙen asirin Rasha Sergei Skripal da 'yarsa a Salisbury ta Birtaniya watan jiya ma rukunin ne. "Shanyau" ba za ta ɗauke su ba, Baba, don kafin shanyewa fizge-fizge ne.

Malama Mai Koyar da Hausa: To ga sulhu. Ambaton farko: "sarin, guba mai kama jijiyoyin da ke motsa jiki". Daga nan "gubar jijiya" kawai. Na Douma kuma "iskar kulorin mai shaƙe numfashi". Wannan ya amsa damuwar Malam na Zazzau.

Ɗan Zazzau: Ya yi tsawo, amma na yarda da shi na yau.

Ɗan Damagaram: Mu ma haka za mu faɗa.

Mai Fassara: Na ɗauka, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: maganar da Obama ya yi a Agustan 2012 ta jan layi kan amfani da makamai masu guba a Siriya. In na ce "jan layi", ba a san ko launin ja nake nufi ko jawo layi ba.

Malama Mai Koyar da Hausa: Ki ce ya shata iyaka, ya ce kada a ƙetare.

Baba Tsohon Ɗan Jarida: Shata iyaka Hausa ce, ban da ja a kai. Gubar jijiya kuwa ku je da ita tunda kun fi yawa, amma a shafina na mako mai zuwa dafi zan rubuta, kuma shanyau na nan ban janye ba.