Bashin kumbo a wasan Traveller: me zai hana mai kumbo gudu da dukiyar banki?

Ɗan Kamba:

Assalamu alaikum. Ni ne alƙalin wasa a wani rukuni na mutum biyar da ke haɗuwa duk yammacin Asabar a Birnin Kebbi domin buga Traveller, wasan ƙagen labarin sararin samaniya da Marc Miller ya tsara aka fitar a 1977. Bisa tsohuwar ƙa'idar wasan, mai son kumbo yana ajiye kashi 20 cikin ɗari na farashi, sannan ya riƙa biyan kashi ɗaya bisa 240 duk wata har tsawon shekara 40. Kumbon 'yan wasana shi ne ƙaramin na fatauci da ake kira Free Trader, mai farashin kiredit (kuɗin duniyar wasan) miliyan 37.08, wato kiredit 154,500 ke nan kowane wata.

Makon jiya ɗayansu ya ajiye 'ya'yan lido ya tambaye ni abin da zai hana su tsallakewa su ɓace, tunda a duniyar wasan babu saƙon da ya fi kumbo sauri, kuma kowane tsalle, wato tafiyar kumbo daga wannan tauraro zuwa wancan, mako guda yake ci. Na rasa amsa, domin ni da na tashi a bakin iyaka na san yadda babur ɗin bashi ke kwana a Kamba ya wayi gari a Gaya ta Nijar. Wace dabara mai ba da rance yake da ita a irin wannan duniya?

Mai Lissafi daga Gusau:

Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Na yi shekaru ina aikin karɓar bashi kafin na san wannan wasa, kuma abin da na koya shi ne mai rance na kirki ba ya dogara da bin sawun wanda ya gudu, ya fi dogara da wuraren da dole mai gudun ya dawo. Kumbo yana buƙatar garambawul sau ɗaya a shekara, aikin mako biyu ne, kuɗinsa kashi ɗaya bisa dubu na farashin kumbon, kuma sai a tasha mai daraja ta A ko B ake yin sa. Tataccen mai ma a irin waɗannan tashoshi ake sayar da shi. Wanda ya koma ɗibar ɗanyen mai kuma ya daina garambawul, haɗarin tsallen da ke jefa kumbo inda ba a nufa ba yana ƙaruwa a kansa. Manyan tashoshin nan kuwa su ne masu duba takardu da sauraren na'urar da ke shelanta sunan kumbo da lambarsa.

Game da saurin saƙo, ka tuna cewa Free Trader fasek ɗaya (ma'aunin nisa tsakanin taurari) yake ci a tsalle guda, alhali kumbunan wasiƙa na Daula ta Uku, babbar daular da ke mulkin taurari a wasan, suna cin huɗu, kuma ba su tsayawa neman kaya, ana miƙa wasiƙar ne daga wannan zuwa wancan. 'Yan wasanka za su riga labarinsu isa duniya ta farko da ta biyu, amma kafin wata uku sunansu ya riga su zuwa kowace babbar tasha da ke kan hanyar wasiƙa. Daga nan wane dillali ne zai loda kayansa a kumbon da za a iya kwacewa da kayan a ciki? Kuɗin dakon tan ɗaya kiredit 1,000 ne, kuma wannan ɗan abin shi ne ke biyan albashin matuƙi da injiniya.

Kada kuma ka raina kafin alƙalamin nan na kashi 20, domin ya haura kiredit miliyan bakwai da mutum zai yi asararsu ranar da ya gudu. Shi kuwa banki, jimillar abin da ake biya ta kai kashi 220 cikin ɗari na farashi, saboda haka asarar 'yan kumbunan da suka ɓace tana cikin aljihun masu biya da gaskiya tun ranar sa hannu.

Malama daga Zuru:

Malam Mai Lissafi, bayaninka ya gamsar, sai dai ya tsaya ne a cikin daula. Wanda ke fatauci a yankin Spinward Marches da ke bakin iyakar daular yana iya ƙetarawa ƙasashen Vargr, wasu halittu da ke wajen daular, inda takardar kotun daula ba ta da wani tasiri, kuma wannan shi ne ainihin misalin Kamba da Gaya. A nan, a ganina, abin da ya rage wa banki shi ne mutane: wanda ya tsaya wa mai kumbo, da iyalin da ya bari a duniyarsu, da kuma masu farautar kumbunan bashi da ake biya lada. A wasan da na gudanar na sa bankin ya ɗora wa kumbon akawunsa a matsayin sharaɗin rance, yana ci tare da su, yana kwana tare da su. Da suka fara zancen gudu, sai tambayar ta koma yadda za su yi da mutumin da ya taɓa jinyar injiniyarsu, kuma sun kwashe zama biyu suna gardama a kai.

Abin da ba na goyon baya shi ne makullin da banki zai kashe inji da shi daga nesa. Babu hanyar aika umarnin tsakanin taurari, kuma idan aka ce injin zai mutu da kansa in ba a sa masa lambar wata ba, to ranar da wasiƙa ta makara banki ne zai hallaka fasinjoji tare da jinginarsa.

Ɗan Kamba:

Na gode ƙwarai, Malam da Malama. Ina da ƙarin tambaya ga Malama: idan sun bar akawun a wata tasha lafiya lau suka wuce, a ganinki laifin ya tsaya a kan bashi, ko ya zama satar kumbo?

Malama daga Zuru:

Ni sata nake ɗaukarsa, ƙanena, domin kumbon bai zama nasu ba sai an kammala biya. Amma kada ka hana su gudu. Ka bar su su ji daɗin wata biyu ba tare da biyan 154,500 ba, sannan ka fara lissafa kwanakin garambawul a gabansu, ka kuma sa dillalin farko da ya gane lambar kumbon ya yi musu tayin dakon kayan da babu mai takarda da zai taɓa, a rabin farashi.