"Yaro man kaza": wace rana ce ke narkar da shi?

Uwar Biyu, Garin Malam: Salamu alaikum. Jiya surukata ta jefe ni da karin magana, har yanzu tana cina a rai. Ɗana shekararsa 4, tun bara yake sa takalminsa, yana cin tuwo da hannunsa. Tun da na haifi ƙanwarsa sai ya koma "Inna, ban iya ba". Ya langaɓe a tabarma yana ƙananan koke-koke har sai na ajiye jaririya na sa masa. Da na kai kuka wurin kakarsa, cewa ta yi, "Yaro man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke." Haƙuri take ba ni, ko tana nufin ni na sangarta shi?

Tsohon Mushe (malamin makaranta), Birni: Wa alaikumus salam. Ƴata, haƙuri take ba ki. Kitsen rago ko a leɓe daskarewa yake, amma man kaza ɗumi kaɗan ya ishe shi. Ana faɗin maganar ne kan wanda ya ɗauki aiki da zafi, da wuya ta taɓa shi ya zame, don haka ma ake jifan samari da ita. Kowane watan Oktoba, in an buɗe lakwal, wato makarantar boko, na sha ganin sababbin shiga sun riƙe alli suna kuka wai ba su iya ba. Kafin sanyi ya shigo sun cika allo da rubutu. Da koyo akan iya.

Hajiya Kaka, Zongo: Mushe, ka fassara kalmomi amma ba ka saurari murya ba. Suruka ba ta faɗa wa matar ɗanta laifinta kai tsaye. Ni a wurina ranar da ke narkar da yaron nan uwarsa ce. Uwar Biyu, in kin tafi kasuwar Dole ran Alhamis kin bar shi da maƙwabta, wa ke sa masa takalmi? Shi da kansa, na tabbata. Shagwaɓa ta san mai sayenta. Mu da muka tashi cikin wahalar ruwa ta Damagaram, yarinya ƴar shekara 6 gwangwaninta take ɗauka ta bi yayyenta famfo, babu mai cewa ba ta iya ba. Ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi.

Malam na Sabon Gari: Hajiya ta yi gaskiya, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai tanƙwarawa aka ce, ba karyawa ba. Salla ma da girmanta, sai yaro ya kai shekara 7 aka ce a umarce shi da ita. Kada a ɗauki "ka ƙi naka" a mai da ita izinin bulala a kan takalmi.

Ma'aikaciyar Jinya, Kara-Kara: Ku gafarce ni iyayena, zan shigo da abin da ba karin magana ba. Kafin a kira shi shagwaɓa, a taɓa jikinsa. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ko ƙarancin jini ke ci shi ma langaɓewa yake, musamman daga damina zuwa kaka. Mai shagwaɓa yana jin yara a waje zai miƙe da gudu. Marar lafiya ko wasan ba ya so, abinci ma turewa yake. A duba tafin hannu da cikin ido, in sun yi fari a kai shi likita ran nan. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a kawo yaro ya galabaita, uwa tana kuka tana cewa ta ɗauka rigima ce.

Tsohon Mushe, Birni: Wannan gyara ne mai kyau. Amma Hajiya, ban sauka daga magana ta ba. Rana a karin maganar Hausa wahala ce: in ka sha rana ka sha wuya. Wahalar yaron nan kuwa a fili take, an sauke shi daga baya an ɗora wata. Yana ganin wadda ba ta iya komai ba ita ke cinyar Inna, sai ya ce to shi ma bai iya ba. Kukan kurciya jawabi ne.

Hajiya Kaka, Zongo: Jawabin na ji shi, Mushe. Amsarsa ce muka saɓa. A rungume shi, a yi masa tatsuniya da dare, amma takalmi kam shi zai sa.

Uwar Biyu, Garin Malam: Na gode, Allah ya saka da alheri. Lafiyarsa lau, yana can yana tsere da yaran maƙwabta. Hajiya, gaskiyarki, in ba na nan shi ke sawa. Yau da safe na ce masa, "Yaya babba, ɗauko mini zanen goyo mu kai ƙanwarka gidan kaka." Ya ruga ya ɗauko, ya zura takalmin dama a ƙafar hagu. Hannuna har ya tafi zai gyara, na janye shi. Haka muka tafi. Da muka isa kakarsa ta dubi ƙafafunsa ta dube ni, ba ta ce komai ba, ta miƙa masa ƙosai.