Yaya ake ba saƙonnin gudanarwa na suwic ɗin manhaja fifiko a cibiyar adana bayanai?

Bappa, Garwa:
Assalamu alaikum, malamai. Ina kula da wata ƙaramar cibiyar adana bayanai a nan Garwa, inda sabobinmu, wato manyan kwamfutocin cibiyar, ke aiki da suwic ɗin manhaja na Open vSwitch ƙarƙashin OVN, manhajar da ke gudanar da shi. Da dare, idan aka fara kwafin ajiya ko aka ƙaurar da kwamfutocin manhaja (waɗanda ke gudana a matsayin manhaja a cikin saba) daga wata saba zuwa wata, sai hanyoyin da ke tsakanin suwic-suwic su cika, wasu sabobin su yanke da mai gudanarwa, alhali babu wayar da ta tsinke. Ta yaya zan sa saƙonnin gudanarwa su riƙa wucewa gaba ba tare da na sayi sababbin na'urori ba?

Malam Sale, Injamena:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Open vSwitch ya riga ya yi maka rabin aikin, domin yana sa alamar DSCP (lambar da ke nuna ajin fifikon saƙo) ta 48, wadda ake kira CS6, a kan haɗinsa da mai gudanarwa idan ba ka zaɓi wata lamba ba, kuma wannan ajin ne aka keɓe wa saƙonnin da ke tafiyar da rezo kansa. Sai dai alama ita kaɗai ba ta ba kowa hanya. Suwic na ƙarfe da yawa ba sa amincewa da alamar da ta fito daga saba har sai an umarce su, wasu ma sukan goge ta su mayar da ita sifili. Don haka ka bi kowane suwic da ke kan hanya, ka sa ya amince da alamar a ƙofofin sabobi, ka kuma ware wa 48 layin da ake fara sallama. Idan suwic guda ya saura ba a gyara ba, a nan ne saƙon zai maƙale.

Hajiya Dija, Marwa:
Bayanin Malam Sale daidai ne, amma akwai wurin da na fi jin tsoro, wato bututun Geneve, hanyar naɗe saƙo a cikin wani saƙo, da OVN ke shimfiɗawa tsakanin sabobi a kan tashar UDP ta 6081. Saƙonnin BFD, waɗanda da su ne sabobi ke tabbatar da cewa ƙofar fita, wato sabar da zirga-zirga ke bi zuwa waje, tana raye, a cikin wannan bututu suke tafiya, kuma suwic na ƙarfe ba ya ganin abin da ke ciki, kamar yadda ma'aikacin gidan waya ke karanta bayan ambulan kawai. A tsarin asali alamar wajen sifili ce, saboda haka BFD yana shiga layi ɗaya da kwafin ajiyarka. Idan saƙonni uku suka ɓace a jere, sai a ɗauka ƙofar ta mutu a juya zirga-zirga zuwa wata, ko da lafiyarta ƙalau.

Ana iya umartar bututun ya gaji alamar ciki ya ɗora ta a waje. Amma Malam Bappa, ka yi hattara a nan, domin da zarar ka yi haka, duk mai kwamfutar manhaja a cibiyarka zai iya sa wa nasa kayan 48 ya shige gaban kowa. Wajibi ne ka goge ko ka sake rubuta alamar a ƙofar kowace kwamfutar manhaja tun kafin kayan su shiga bututu.

Malam Sale, Injamena:
Hajiya ta taɓo inda ya kamata. Zan ƙara da cewa ka sa wa layin fifikon iyaka, tunda saƙonnin gudanarwa ba su da nauyi, kuma layin da ba shi da iyaka zai iya hana sauran layukan motsi gaba ɗaya. Kwafin ajiya da ƙaura kuwa ka ba su nasu ajin mai ƙayyadadden kaso.

Bappa, Garwa:
Na gode, Allah ya saka muku da alheri. Zan fara da kama saƙonni a ƙofar suwic na tsakiya domin in ga ko 48 tana isa can, sannan in gwada gadon alamar a kan sabobi biyu a daren da ake kwafin ajiya.