Ta ina za a kama tarihin 'yan bandin Suwidin?

Da aka zauna tattaunawa, shawarar da ta fi rinjaye ita ce mai son tarihin tawagar maza ta Suwidin a wasan bandi (bandy) ya fara fahimtar wasan kansa: mutum goma sha ɗaya kowane ɓangare, a kan ƙanƙara mai faɗin filin ƙwallon ƙafa, da sanduna da 'yar ƙaramar ƙwallo.

Daga nan, in ji su, a tsaya kan 1981. Tun gasar duniya ta farko a Helsinki a 1957, Tarayyar Sobiyet ta ɗauki kofi sau 11 a jere, sai ga Suwidin ta je har Khabarovsk ta ƙwace shi a gidansu. Wani ya ja kunne kada a raina Finlan, wadda ta ci a 2004. Ni ma ina bayansa.