Ƙauye ko birni? Ku ba ni shawara kafin hayata ta ƙare

Baban Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Yarana biyu, babban ko firamare bai shiga ba, uwargida kuma tana da juna biyu. Mai gidan da muke haya ya ce ko in ƙara kuɗi ko in ba shi makullinsa, ga kuma gidan gado can ƙauyenmu ba kowa a ciki, akwai rijiyar burtsatse da makaranta, tafiyar awa ɗaya ce daga birni. A kwamfuta nake aiki, ba kullum nake zuwa ofis ba, sabis ma yana kamawa a can. Waɗanda suka taɓa gwadawa, me kuka gani?

Dogo: Wa'alaikumus salam. Ka koma ka ci me? Ai ba aiki a ƙauye.

Baban Biyu: Malam da aikina zan tafi fa, na faɗa a sama.

Ɗan Gona: Tattara ka tafi kawai, komai rabin kuɗi ne, ba haya, yara su samu filin wasa da iska mai kyau.

Malam Lissafi: Rabin ina? Abin da aka noma ne kawai ke da araha, amma sabulu, magani, madarar yara duk daga birni ake kai su, sai ka biya har da kuɗin motar da ta kawo su. Kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2018 kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke, zuwa 2050 ana sa ran 68. Kowa na shigowa kai kana fita.

Maman Ɗaya: Ni dai da na ga juna biyu sai da gabana ya faɗi. Haka maigidana ya lallaɓa ni muka koma, da farko daɗi wallahi, sai naƙuda ta zo min da tsakar dare cikin damina, na haihu a gida lafiya ƙalau sannan jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa, aka ruga ƙaramin asibitin garin a kulle, ma'aikacin ɗaya ne kuma ba a nan yake kwana ba, mai mota ɗaya da muka sani wayarsa a kashe. A babur aka ɗauke ni, ƙanin mijina na riƙe da ni ta baya, zanin da aka naɗe ni da shi ya jiƙe sharkaf, muka iske rafi ya cika sai da muka jira ya janye. Da asuba muka isa. Na rayu amma an cire min mahaifa, ɗayan nan shi ke nan. Ɗan'uwa, awa ɗayan da kake faɗa ta rani ce da rana tsaka.

Anti Nas: Allah Ya raya miki shi 'yar'uwa. Zubar jini bayan haihuwa shi ya fi kashe masu jego a duniya, cikin 'yan sa'o'i yake gamawa da mace mai lafiya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta je awo aƙalla sau 8, ka lissafa kuɗin motar. In dole ne ku koma, watan haihuwa ta zauna wajen dangi kusa da babban asibiti.

Ɗan Gona: Allah Ya kyauta. Amma a birnin ma ana mutuwa cikin cunkoson motoci ai.

Maman Ɗaya: Yaushe rabonka da ka yi damina guda a ƙauye? Hutu kake zuwa ka ɗauki hoto.

Dogo: Ko aure bai yi ba fa, gwauro ne ke raba wa masu iyali shawara.

Ɗan Gona: Kai da ko tambayar ba ka karanta ba?

Malam Lissafi: Laifin duk na masu gidajen haya ne. Namu ya ƙara kuɗi bai gyara ko famfo ɗaya ba, rufi na yoyo ka kira shi ya ce ka gyara za a cire a haya, lokacin biya ya yi ya ce bai san zancen ba.

Baban Biyu: Na gode, to maganar makarantar yaran fa?

Dogo: Ai masu gida da sauƙi, dillalai fa? Wani sai da ya karɓi kuɗin nuna gida, muka je muka tarar da mutane a ciki suna shanya.

Anti Nas: Kai ma? Ni nawa ɗakin da ya nuna min ko ƙofa babu, wai in fara biya tukuna a sa.